Munduwar da Ɗanjuma Ya Ƙi Sa wa Albarka

Kakata Iya Tabawa ba ta iya tatsuniya ba, gaskiya ɗaya ce. In muka kewaye murhu a Dabawa bayan tuwon magariba, tana gasa mana gyaɗa cikin toka, sai ta ɗauko labarin kura, ta yar da shi a hanya, ta koma na ubanta. In na yi ƙorafi ta ce, "Kai mai gidan, rufe mani baki, wanga ya fi kura."

Ubanta Ɗanjuma maƙerin fari ne, mai ƙera mundaye da zobban azurfa. Yana da rumfa a wata kasuwa ta ƙasar Kurfi, lokacin Nasara bai daɗe da zuwa ba. Al'adar wurin, mace ba ta sayen azurfar ɗiyarta sai Ɗanjuma ya duba. Ya auna a tafin hannu, ya sake ta kan uwar maƙera ya saurari ƙara. In ya ce azurfa ce, magana ta ƙare.

Rannan wani dillali ya sauke akwati cike da mundayen kanti, farare tas, sumul, ba sawun guduma ko ɗaya, ga araha. Mata suka yi masa ca, amma ba wadda ta kwance bakin zane, kowa na jiran Ɗanjuma. Dillalin ya san haka, shi ya sa ya fara biyawa ta wurin mai rabon rumfuna. Mai rabon kuma ya ja Ɗanjuma gefe, ya ce kayan Bature ne, ya sa masu albarka kawai. In ya ƙi, masu neman rumfarsa suna da yawa.

A nan Iya ke miƙe zaune, ta manta da gyaɗarmu ta ƙone. Ta ce ubanta ya karɓi munduwa ɗaya ya sake ta, ƙarar ba ta yi masa ba. Ya jawo magagari a gaban jama'a, ya goga sau uku, sai ga ja.

"Ya ɗaga ta sama ya ce, 'Tagulla ce aka sa wa riga. Mai so ta saya, amma ba da bakina ba.'"

Ran kasuwa ta gaba ya iske mai gishiri a rumfarsa. Aka ba shi shawara ya je ya ba da haƙuri, ya ce bai ga laifin da ya yi ba. Ya ɗaura zuga-zugansa kan jaki, ya kwashi iyali zuwa Dabawa, ya kama fartanya.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: yaya aka yi rigar? A saninsa azurfa ba ta motsi sai da wuta, ga wannan ta fi ɓawon albasa sirantaka kuma ba alamar ƙuna. Ya yi ta narka 'yar azurfar da ta rage masa yana tsoma tagulla, don kada a ce Nasara ya fi shi, har ta ƙare. Haka aka kai Iya ɗaki, ɗiyar maƙerin azurfa, hannu ba ko zobe. Tana faɗin wannan tana kaɗa mana hannuwan, kai ka ce gwal ne a jiki.

Sai da na shiga sakandare a Dutsin-Ma na ga amsar. Malaminmu ya narka gishirin tagulla a ruwa, ya rataya makulli a ciki, ya haɗa shi da waya zuwa ƙafar batir mai alamar ragi, ɗaya wayar kuma ya ɗaura mata sililin tagulla ya tsoma. Ya ce makullin ya zama katod, nan lantarki ke iske ƙarfen da ke yawo cikin ruwa ya zaunar da shi. Muna kallo makulli ya yi ja. Haka ake yi da azurfa, ba gawayi, ba zuga. Na ji kamar in yi kuka, tsoho ya ƙarar da azurfarsa yana neman abin a wuta alhali yana cikin ruwa.

Da hutu na zo da zumuɗi na zayyana wa Iya. Ta saurara har ƙarshe, ko gezau. Ta tambaya ko littafin namu ya ce azurfa ce zalla. Na ce a'a, shafe ya kira ta.

"To ashe sun sani. Sun sani, shi ne suka zo aron bakin ubana? Rumfar fa, wa zai maida mashi?"

Fasahar ba ta da laifi, ni ma da ita na ci abinci, don aikin gwajin ƙarfe na kama. Amma da na girma aka taɓa kawo mani takardar gwajin da ban yi ba, wai in sa hannu, aka kuma tuna mani masu neman kujerata suna da yawa. Na ƙi. Na riga na san abin da hakan ke ci, Iya da ya ci wa azurfar aure ce ta faɗa mani, kuma ban taɓa jin ta ce da na sani ba.