Kwalaben kwakwa da suka fitar da ɗana daga Riyad

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta wannan yadda nake faɗa mata. Lokacin da abin ya faru ina zaune a unguwar Suwaidi a Riyad wurin 'yata da mijinta, ina riƙe musu yara. A wancan lokacin ni mace ce mai ganin hancinta ba ya ƙarya. Abin da na shinshina, na gama yanke masa hukunci, ba na tambayar kowa.

Autana kuma yana aiki a kicin ɗin wani gida a unguwar Ulaya, nan cikin Riyad. Aikin nasa dariya yake ba ni, mai girkin da ba ya kunna wuta. Uwargidan wurin ba ta cin abin da ya shiga tukunya, sai ɗanyen ganye da 'ya'yan itace da ruwan kwakwa. Shi zai je kasuwar Aziziya ya zaɓo kwakwar, ya fasa, ya tace mata. Nakan tsokane shi cewa akuya yake yi wa hidima, shi kuma ya ce akuyar ce ke sabunta masa iƙama. Takardar zaman tasa a hannun maigidan take, da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa a gida.

Ana nan, ana nan, sai ya fara zuwa da kwalabe yana jerawa a bayan ƙofar kicin ɗinmu, ya ce kada a taɓa. Wata rana da hantsi ina shara, na ɗauki ɗaya na murɗa murfin. Ta yi huci, kumfa ta taso, wani tsami ya buge ni. Ina yarinya mahaifina ya yi fataucin goro a kurmi, na san warin bammi. Na ce wannan shi ne. Giya, a ƙasar nan, a ɗakin 'yata.

Da la'asar ɗana ya zo ya gaishe ni, ya ci tuwo a gabana. Ban tambaye shi ba, don ina tsoron ya kalli idona ya yi min ƙarya. Washegari na kira wani dattijo ɗan garinmu, wanda ya samar masa aikin, na roƙe shi ya yi masa faɗa a asirce. Dattijon ya yi salati, ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. To, shi ma tsoro ya kama shi, tunda shi ya tsaya wa ɗana. Bai nemi ɗana ba, wurin maigidan ya nufa.

Sai bayan komai ya lalace na ji gaskiya daga bakin ɗana. Ashe ruwan kwakwa iri biyu uwargidan ke sha. Akwai sabo, wanda ake fasawa a sha nan take. Akwai wanda ake zuba wa iri a rufe shi kwana biyu ya yi tsami, wai yana gyara mata ciki, in ya wuce kwanakinsa a zubar. Gidansu sanyin na'ura ya yi yawa, ba ya tsami, shi ya sa ya kawo namu kicin mai ɗumi. Ya tambaye ni, ni da nake zuba wa madara iri ta kwana ta zama kindirmo, me ya hana ni kiransa. Bai ɗaga murya ba. 

Maigidan bai kira hukuma ba. Uwargidan ta ce ita dai ta ce a yi mata, ba ta ce a kai gidan wasu ba. Shi kuma ya ce ba ya son irin wannan magana ta raɓi sunansa, gaskiya ce ko ƙarya. Ya buga wa ɗana takardar fita ta ƙarshe, wato ya bar ƙasar. Dattijon ya koma ya roƙa, aka ƙi. Na sa surukina ya kai ni ƙofar gidan, mai gadi ya ce ba sa nan, ga motocinsu a ajiye.

Ranar tafiya ɗana ya durƙusa ya ce in sa masa albarka, na sa. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ina tashi, ina salla, ina shirya yara. Na ji an ce dako yake yi a kasuwar garinmu, shi bai faɗa min ba.

Iyaye mata masu 'ya'ya a ƙasar mutane, ku ji ni. A nan magana ba ta tsayawa inda kika ajiye ta, kuma wanda kika kai wa ƙara shi ma yana da abin da yake tsoro. In kin ga abin da ba ki gane ba a hannun ɗanki, ki zaunar da shi ki tambaye shi kafin kowa ya ji. Ran nan ɗana ya kira, na fara cewa ya yafe min. Ya ce ai ya wuce, ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci.