Jirgin Baba da Taron Fatakwal

Maiduguri zuwa Jos

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito da jakata, na tarar da Baba a tsakar gida yana zuba wa jirginsa ruwa. Baƙon da ya shigo gidanmu na Bulumkutu yakan yi turus, don jirgin ruwa ne sosai na katako, mai cin mutum shida, a kan bulo kusa da kicin. Baba masassaƙin jirage ne a Baga, har ranar da muka gudo daga mu sai kayan jikinmu. Da muka zo nan ya sassaƙa wannan, wai kafin hanyar Baga ta buɗe. Shekara huɗu ke nan. Katakon jirgi in ya bushe tsagewa yake yi, shi ya sa kullum sai ya ba shi bokiti shida. Bayansa ya fara gazawa, amma bai taɓa yarda wani ya karɓe shi ba.

Ni malamin walda ne da zanen inji a wata kwaleji, kuma ɗan ƙungiyar injiniyoyin ƙera jirage da aikin teku. Taronmu zan je a Fatakwal. Abin da ban faɗa wa Baba ba, dabarar raba shi da bokitin nan zan nemo.

"Modu," ya ce, "ka duba mini ruwan nasu, ka zo ka faɗa mini ko ya kai namu."

Keke ya kai ni tasha ƙarfe shida da kwata, amma sai bakwai sojoji suka buɗe hanyar Damaturu. A shinge na uku aka sauke mu, kowa da katinsa a hannu.

"Aikin me kake yi?" in ji sojan.

"Harkar jirgin ruwa, ranka ya daɗe."

"A Maiduguri?"

Direbanmu ya yi ta dariya har Benisheik. Daga nan kuma dariya ta ɗauke, muna wuce ƙauyukan da ba rufi ba hayaƙin girki. Mun ci tsire a Potiskum, muka shiga Jos da Magariba.

Jos zuwa Fatakwal

Mun tashi ƙarfe shida. A gadar Makurdi na leƙa Binuwai, na ga masunci yana jefa birgi, ragar kamun kifi, kamar yadda ake yi a Doron Baga. Ƙanshin banda ya shigo ta taga, sai na ji ƙwalla. Matar da ke gefena ta miƙo mini lemo, ba ta tambaye ni komai ba. Awa goma sha uku muka yi a hanya.

Fatakwal

Kwana biyu ana jawabi kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku da yadda gishiri ke cin ƙarfe. Na ƙaru, ba ƙarya. Sai dai da aka kai mu wurin ƙera jirage, na tsaya ƙarƙashin wani mai tsayin bene huɗu, ba abin da nake ji sai ƙarar gizagon Baba a bakin tafki, da Inna tana kiranmu cin abinci. Gida nake so, kuma ba Bulumkutu nake nufi ba.

A nan na kama wani dattijon injiniya ɗan yankin, wanda ya tashi a Kano, na nuna masa hoton jirgin a waya.

"Wa ya yi wannan? Hannunsa na da kyau," ya ce. "Ɗana, abu mai sauƙi ne. Ku bar shi ya bushe ƙarau, ku lulluɓe shi da faiba, zare da danƙo. Shekara ashirin ba zai nemi ruwa ba."

Ya ba ni gwangwani biyu na danƙon da ƙunshin zaren, kyauta.

Komawa

Gwangwanayen nan sun sha tambaya. Tsakanin Damaturu da gida sau huɗu ana buɗe su ana sunsunawa. Na iso Bulumkutu ƙarfe biyar na yamma, rana ta bakwai. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da dattijon nan, da matar da ta ba ni lemo.

Washegari da safe na ajiye kayan a gaban Baba, na zayyana masa komai, ina jin kaina gwani.

"Shekara nawa ka ce?"

"Ashirin, Baba."

Ya daɗe yana kallona. "Kai ka ce musu shekara ashirin za mu yi a nan?"

Ya tura gwangwanin gefe da ƙafa.

"Ruwan nasu fa?"

"Yana da yawa, Baba. Amma ba ya shawuwa."

"Na sani," ya ce.

Ya sunkuya zai ɗaga bokiti, sai bayansa ya riƙe. Ya tsaya a haka, hannu a ƙugu, sannan ya nuna mini bokitin da baki.

"Fara daga goshin jirgin, a hankali. Kada ka tsallake ko katako ɗaya. Da damina za a buɗe hanya."

Na fara daga goshi.