Saƙon Inna a Kan Kaset ɗin Disko

Har yau in na shiga keke napep a Kaura Namoda, direba ya saki tsofaffin waƙoƙin diskon nan, ƙafata ce ke fara tona min asiri. Ni dattijo mai furfura, malamin makaranta da ya yi ritaya, sai ka ga babban yatsa yana motsi cikin takalmi. Kwanaki wani direba ya hango ni ta madubi ya ce, "Baba, ashe ku ma kun taɓa?" Na ce, "Kai dai dubi gabanka. Lokacin da muke taka wannan, babanka bai fara sa wando ba."

Kaset ɗin ya zo hannuna ne ta wani ma'aikacin jirgin ƙasa, zamanin da jirgi ke zuwa Kaura ya juya, ni kuma ina sabon malami a wata firamare kusa da tasha. Ba hoto, ba sunan mawaƙa, an dai rubuta "disko" da jan biro. Don haka mu muka raɗa wa waƙoƙin suna. Ta farko "mai jirgi", saboda gangarta tana tafiya kamar tarago ya ɗauki hanya. Ta biyu "mai tafi". Ta uku, wadda na fi so, "mai kakaki": wata mace ce ke jan waƙar da siririyar murya, sai ƙahoni su amsa mata, sai wani namiji ya shigo yana magana kamar daga cikin rijiya. Bayan la'asar mukan taru a ɗakin wani tela, mu biyar ko shida, da wandunanmu masu faɗin ƙafa, mu yi ta juyi har batir ya yi sanyi murya ta fara ja.

Abin da ya fi ci min rai shi ne su wane ne mutanen nan. Su nawa ne? Baƙaƙe ne ko farare? Macen nan tana da miji, kuma ya yarda tana wannan ihu? Tela ya ce 'yan Amurka ne, wani ya ce Ingila, wani ya rantse da Allah a Legas suke, ƙanin abokinsa ya gan su. Ni da ake ce wa malamin Turanci aka tasa gaba in fassara, alhali kalma biyar na kama a duk kaset ɗin, uku daga ciki kuma "rawa" suke nufi. Sai da na tsufa, ran da wani gidan rediyo ya saki waƙar, ɗiyata ta kara wayarta a jikin rediyo, nan take ta fito min da su: mutum shida, mata biyu, maza huɗu, cikin kaya masu ƙyalli, gashi kamar kwando. Mai muryar rijiyar nan ashe wani ɗan siriri ne. Wallahi na ji haushi.

To, wannan kaset ne ya shiga tsakanin mutum uku: ni, da Inna mahaifiyata, da Kawu ƙaninta. Su 'yan Badarawa ne, aure ya kai Inna Zurmi. Bayan rasuwar mahaifinsu sun saɓa kan gonar gado, maganganu masu zafi suka shiga, Kawu ya tattara ya tafi Makka yana ɗinki. Shekara bakwai ba ta aika ba, bai aiko ba.

A wancan lokaci wanda bai iya rubutu ba, kuma ba ya son mai rubuta wasiƙa ya ji cikinsa, kaset yake yi. Ya zauna gaban rediyo ya faɗi abin da ke ransa, a ɗinke kaset cikin ƙyalle, a ba maniyyaci ya kai. Wani hutu na manta kaset ɗina a Zurmi. Ana nan wani maƙwabcinmu ya tashi tafiya aikin Hajji, Inna ta ce za ta yi wa ƙaninta magana, aka nemi sabon kaset a gidan babu. Ni kuwa da wayona na riga na ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na bayan kaset don kada a yi ɗauka a kansa. Ashe matar yayana ta fi ni wayo. Ta cusa takarda a ramukan, ta danna jan maɓalli, ta fita ta bar Inna ita kaɗai.

Da na dawo neman kayana aka nuna min ƙunshi a ɗinke. Na farke shi, na sa a rediyo. Mai jirgi ta wuce lafiya, mai tafi ta wuce, mai kakaki ta kai daidai inda ƙahoni ke shigowa, sai ƙarar dannawa, sai tarin Inna. Na kashe. Kai, ranar na yi rashin kunya! Na ce duk kaset ɗin wa'azin da ke gidan ba a gani ba sai nawa? Na jefa shi aljihu na ce zan kawo sabo. Na kawo kuwa, bayan mako biyu, alhaji ya daɗe da tashi. Inna ta dubi sabon kaset ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Abin da zan hwaɗi na hwaɗe shi." Ba ta sake zama gaban rediyo ba har Allah Ya karɓi ranta.

Shekaru suka yi ta wucewa ban taɓa jin abin da ta faɗa ba. Da fari fushi ne, in waƙa ta kai wurin tarin sai in kashe. Bayan rasuwarta kuma tsoro ne. Kaset ya shiga ƙasan akwati, ni kuma na yi ta tambayar kaina: zagi ne a ciki ko ban-haƙuri? Zancen gona ta tayar, ko gaisuwa ce kawai?

Kawu ya dawo Badarawa bayan ta rasu da shekaru, idanu sun tafi, ƙafa ta yi nauyi. Bara na je gaishe shi, muna zaune a zaure, ba zato ya ce, "Kai da kaz zauna da ita, ta taɓa ambatona kuwa?" Daga nan na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zaga da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Kaset ɗin na nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "To, nawa ne. Kawo min abina tun ina da kunne."

Da na ciro shi zaren ya manne, ya yi fari-fari, ya tsinke a wuri guda. Ranar kasuwar Shinkafi na kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo, wanda yanzu fitilu da caja suka fi yawa a teburinsa. Ya kwance kusoshi, ya mayar da zaren cikin wani gidan kaset, ya haɗa tsinkakken wurin da jan farce, ya naɗe shi a hankali da biro. Na ce ya ɗan sa mu ji ko ya yi. Ya ce, "Malam, zaren ga ya tsuhwa. In ya yi tahiya guda ka gode Allah. Kuma kada ka kuskura ka tura shi gaba da sauri, tsinkewa za ya yi. Daga hwarko za ka sa, ka bar shi ya tahi da ƙahwatai." Ya ara min rediyonsa, ya ce in ajiye waya a gefe ta ɗauka.

Haka aka yi na zauna da hantsi a zauren Kawu, da shi da limamin unguwa da ya shigo gaisuwa ya ƙi tafiya, na danna. Mai jirgi ta ɓarke. Liman ya ce, "Subhanallahi!" Kawu ya karkato kunne ya ce, "Wagga ita ce yayar tawa?" Na ce a yi haƙuri, tana gaba. Minti goma sha wani abu muna zaune ana disko, ni gumi har cikin hula, ido a kan zare, ina addu'a kada ya tsinke. Duk da haka da mai tafi ta zo, na ga Kawu yana buga gwiwa da yatsa, ya tambaye ni me matar take cewa. Na ce cewa take a tashi a yi rawa. Ya ce, "Duk wannan kururuwa?"

Sai ƙahoni, sai ƙarar dannawa, sai tari.

"Salamu alaikum," in ji Inna. Ta yi shiru. Na zaci zare ne ya mutu, na kai hannu. Ashe wuri ta bar masa ya amsa, yadda tsofaffi ke yi in suna kaset. Kawu ya gyara zama ya ce, "Wa alaikumus salam."

"Kana lahiya?" Shiru.

"Lahiya lau, Yaya."

"Ina gajiya? Ina zaman baƙunta?" Shiru.

"Da godiya."

Haka suka yi ta gaisawa, ita tana jira, shi yana cikewa. Ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, da geron da aka samu. Sannan muryarta ta sauka. Ta ce gona tana nan, ba ta sayar ba, ba ta bari an taɓa rabonsa ba. Ta ce abin da ta faɗa masa ran rabo zafin rai ne, ya yafe mata don Allah, ita ta yafe tun tuni. Ta bar shiru mai tsawo a nan. Kawu ya buɗe baki, amma shirun ya ƙare bai cike shi ba.

"In ka yahe," ta ce, "ka aiko min da amsa ta hannun wanda ya kawo maka wanga. Ina nan ina jira."

Dannawa ta sake ƙara, macen disko ta dawo da siririyar muryarta, liman ya miƙa hannu ya kashe. Kawu ya share fuska da bakin riga, ya juyo inda yake jin numfashina.

"Kai ne ka kawo," ya ce. "To, na yahe. Yanzu ka hwaɗa min, ina za ka kai mata?"