Tayoyin da Nehemiya Ya Kai Baiko

Duk wanda ya saba bin hanyar Minna daga Suleja ya san wata rumfar kwano da aka jera tayoyi a gabanta har sun kai ƙirjin mutum. Rumfar Nehemiya ce, wanda kowa ke kira Baban Joy. Yana saurayi ya sauko daga Fankshin da jakar leda ɗaya, ya koyi faci, ya yi shekara da shekaru yana tsoma tub a ruwa yana neman inda kumfa ke fita. Matarsa Dokas, mai buga tulu a Zumuntar Matan cocinsu, takan ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin ainihin launin tafin hannun mijinta ba.

Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma in taya ta mutu zai gaya maka ta mutu, ba zai liƙe maka gawa ba. Abu ɗaya ke ci masa rai: ga furfura ta fara leƙowa, har yanzu sunansa mai faci. So yake kafin ƙarfinsa ya ƙare a ce masa dila.

To, da ya kwashi adashe, sai ya haɗa kai da wasu 'yan kasuwa suka yi odar kwantena ɗaya daga ƙasar waje. Nasa kason rim ne na alminiyam da sababbin tayoyi. Mai yi musu hidimar fito da kaya a tashar jirgin ruwa ta Legas wani ejan ne, Tunde, wanda Nehemiya bai taɓa gani ido da ido ba, sai muryarsa a waya. Ran da Tunde ya karanto masa kuɗin jirgi da na kwastam, sai da Nehemiya ya nemi tsohuwar taya ya zauna. Dala ta tashi, kuɗin dako na neman ya fi kayan.

"Oga Nehemiya, kwantar da hankalinka," in ji Tunde. "Jirgi fili yake sayarwa, kwastam kuma abin da ido ya gani suke ƙirgawa. Ita taya mece ce? Rabinta iska ce. Za ka biya wa iska kuɗin jirgi?"

"To yaya za a yi?"

"A can za su cusa su cikin juna, uku, huɗu, su zama ɗaya. In sun iso ka zaro, ka shanya a rana, su koma daidai. Kowa haka yake yi."

Nehemiya ya san akwai wayar ƙarfe a cikin naman taya, ya kuma san waya ba ta son a naɗe ta. Amma ai kun san yadda zuciya take in tana son abu, ita ke kawo wa kanta hujja. Ya ce a yi.

Kaya suka iso da ƙarshen damina. Ya rufe rumfa, ya sa ƙarfe yana ɓanɓaro su ɗaya daga cikin ɗaya. Na waje duk sun yi ƙura da tabon tsatsar kwantena. Na can ciki kuwa, waɗanda aka lanƙwasa kamar tabarma, ko ƙura ba ta taɓa su ba, baƙi wuluk, suna sheƙi. Da suka sha rana sai suka miƙe, suka yi kyau, kai ka rantse daga kamfani aka gangaro su.

Ana haka bikin godiya na kaka ya zo. A cocinsu al'ada ce kowa ya kawo baiko daga abin da hannunsa ke yi: manomi doya, tela yadi, mai kaji kaza. Bas ɗin Zumuntar Mata kuwa tayoyinta sun suɗe kamar kan jariri.

"Baban Joy," in ji Dokas, "bana kai ne za ka fitar da ni kunya. Kuma ka zaɓo masu kyau, ba a kai wa Allah gurguwar akuya."

Da zuciya ɗaya ya shiga ya zaɓo huɗu da suka fi kowanne tsabta, wato na can ciki. Ranar Lahadi ya gangaro su har gaban bagade, mata suna guɗa, Dokas tana dukan tulu kamar za ta fasa shi. Shi da hannunsa ya ɗaura wa bas ɗin.

Wata Asabar da hantsi, ranar da matan suka tafi taron zumunta a Gawu Babangida, sai ga Jibrin a kan babur, da taya ɗaure a baya. Jibrin manomin doya ne daga wajen Sabon Wuse, tsohon abokin cinikinsa, ya sayi taya biyu daga cikin sababbin don a-kori-kurarsa. Gwiwar hannunsa a naɗe da tsumma, jini ya ɓullo.

Ya kwance tayar ya jefar a gaban rumfa. "Baban Joy, ga amaryarka na dawo maka da ita. Ko wata ba ta yi ba. Ba rami, ba ƙusa, ina cikin tafiyata sai na ji kamar an harba bindiga. Doyata tana can a kwalbati, awaki na walima. Ni ma Allah ne ya yi da sauran kwana."

Nehemiya ya tsuguna ya zura hannu a cikinta. Wayoyi suka soke masa yatsa. Ya bi yagewar da hannu, sai ya ga ba ta karkace ko'ina ba, ta miƙe sak a kan layin da aka naɗe tayar. Wannan ma ta tsakiya ce, ba ta sha matsa kamar na can ciki ba.

Sai ya tuna da huɗun da ya ɗaura wa bas ɗin coci. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai.

"Kai, lafiya? Ni na faɗi, kai ne ke rawar jiki?" in ji Jibrin.

"Malam Jibrin, akwai irinta huɗu a bas ɗin cocinmu. Sun fi wannan lalacewa. Mata cike, sun kama hanyar Gawu."

"Maman Joy na ciki?"

Ya gyaɗa kai. Ya kira wayar Dokas, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san dalili: tana can ƙasan jaka, su kuma suna waƙa. Ya kira Daniel, direban bas ɗin, wayar a kashe.

Jibrin ya riga ya tayar da babur. "Hau mana! Maganar doyata sai mun dawo, kuma wallahi ba na yafewa."

Rana ta fara ɗagawa, kwalta na ɗaukar zafi, kuma babu wanda ya fi Nehemiya sanin abin da zafin kwalta ke yi wa iskar da ke cikin taya. Tireloli na wucewa suna girgiza su. Duk inda ya hango mutane sun taru a gefen titi sai ya miƙa wuya yana leƙe, in sun matso ya ga masu rake ne, ko masu jiran mota. A wata gangara suka ga ɓarɓashin baƙar roba a warwatse a kan hanya. Ya damƙe kafaɗar Jibrin.

"Na tirela ne, dubi faɗinsa," Jibrin ya ce, bai rage gudu ba. "Kai da sana'arka sai na koya maka?"

A Lambata suka iske bas ɗin, a tsaye gefen kasuwa. Matan sun sauka sayen ayaba da gyaɗa, duk cikin zanen zumunta iri ɗaya, Daniel ya riga ya koma mazauninsa yana danna musu hon. Nehemiya bai yi wa kowa sallama ba. Ya faɗa ƙarƙashin motar ya shafa tayar gaba ta ɓangaren ciki, inda ido ba ya gani. Ga shi nan: kumburi kamar mangwaro, da zafi, robar ta yi laushi a wurin. Ya janye hannunsa a hankali kamar wanda ya taɓa maciji mai barci.

Ya fito ya kwance bakin iskar tayar. Ta fara huci. Ya zagaya ya yi wa sauran ukun haka.

"A'a! Baban Joy ya zo karɓar baikonsa!" wata ta ce, aka fashe da dariya.

"Baba, me ke nan?" Daniel ya diro yana ihu. "Mu ne da waƙar buɗe taro fa!"

Dokas ta ratso mutane, ayaba a hannu. "Baban Joy, kanka ɗaya kuwa? A gaban jama'a?"

Ya kama hannunta ya ja ta ƙasa, ya ɗora a kan kumburin, wanda bai gama sacewa ba. Sannan ya miƙe, a gaban matan da suka yi masa guɗa, ya faɗi yadda aka shigo da tayoyin, da abin da ya sa, da cewa da saninsa aka yi. Dariya ta ɗauke. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana kiran sunan Yesu. Bas ɗin ta ci gaba da sauka a hankali har rim ya taɓa ƙasa.

Dokas ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta goge hannunta a zane, ta matso kusa yadda shi kaɗai zai ji.

"Mu dai Allah ya tsare mu. Sauran fa? Su wa ka sayar wa?"

Nehemiya ya buɗe baki, bai sami suna ko ɗaya ba ban da na Jibrin. Masu wucewa ne, sun tsaya, sun biya, sun tafi. Ya juya ya dubi titi. Wata ƙaramar mota ta taho daga wajen Suleja, maƙil da fasinja, kaya har saman rufi, ta wuce su a guje. Ya bi ƙafafunta da kallo, amma gudun ya yi yawa, bai iya gane komai ba.