Gwanin da na ɓoye

Jiya a Madawa, Alhaji Hamidu mai albasa ya danƙa mini manet, abin sarrafa wasan bidiyo, ya kunna wasan faɗan nan na zamaninmu na koleji, wanda kowa ke zaɓar mayaƙa uku. Dokarmu tana nan: wanda aka kayar zai kira abokinsa "patron", wato maigida, sati guda.

Kamar kullum, na ajiye gwanina a ƙarshe. Alhaji ya tumurmushe biyun farko. Da gwani ya fito, sai yatsuna suka manta yadda yake jefa wuta. Ya tsaya yana naushin iska har aka shimfiɗe shi.

"Malam, wannan ne kake ɓoyo?"

"Tsufa ya kama shi, Alhaji."

"Alhaji wa?"

"Patron."

Ashe furfura ba ta rage zafin kaye. 'Yan zamaninmu, wa ke tuna dabarar wutar nan? Ina buƙatarta kafin mu sake karawa ran Asabar.