Motar Baba da Masu Turinta

Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin motar Baba ta tashi da makulli ba. Turi take so. Tsohuwa ce ta gaske, irin masu dogon bayan nan da ake haya da su a da. Wai fara ce, amma ni a ruwan toka na san ta. Da ita ya yi jigilar Wudil zuwa Kano shekara da shekaru, da ita ya ciyar da mu. A ƙofar gidanmu akwai 'yar gangara da ta nufi titi, a kanta yake ajiye ta, hancinta yana kallon ƙasa, ya tokare taya da dutse.

Kullum da safe in an karya, sai ka ga tsofaffin layinmu sun fito. Akwai Malam mai ɗinki, akwai Kawu mai awo, wanda ba kawunmu ba ne, haka dai kowa yake kiransa. Ba mai aika musu. Za su tsaya su gaisa da Baba, a tambayi kwana, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, kamar ba jiya suka rabu ba. Sannan Baba ya janye dutsen, ya shiga, ya sa giya ta biyu, ya ce bismillah, su dafa. Ta gangara, ya saki kuloci, ta yi tari, ta kama. Sai su biyo ta suna haki su shige. Ɗaya ya sauka a kasuwa, ɗaya a bakin gada.

Ni abin haushi yake ba ni. Na sha ce masa a kai ta a gyara mana, kowa ya huta.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ke komai sai an yi shi yanzu-yanzu."

Daga baya mai ya yi tsada, injin kuma ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike ya ce kayanta sun ƙare a kasuwa. Baba ya ajiye ta. Kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Abin da ya fi damuna shi ne, shi ma kamar an ajiye shi. Gonarsa tana Indabo, sau ɗaya ya je a acaɓa, ya dawo yana riƙe da baya, bai sake zuwa ba. Daga masallaci sai tabarmar zaure. Ran nan 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suna ƙwanƙwasa jikinta suna leƙa ƙarƙashi. Baba ya ce su dawo bayan kaka. A fuskarsa na ga in motar nan ta tafi, ba zai sake fita ko'ina ba.

Yayana sola yake haɗa wa masu noman rani a bakin kogi, su ja ruwa ba tare da sayen mai ba. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi tunani. Da yammar ranar da 'yan gwangwan suka zo ya durƙusa gaban Baba ya ce a ba shi motar zuwa kaka.

"Ka yi me da ita?"

"In cire injin, in sa mata na wuta."

"Mota in an cire mata inji ai ta zama akurki," in ji Baba. "To, dama ta zama. Je ka."

Ni dariya na yi masa, kuma a gabansa. Na ce Yaya, famfon ruwa daban, mota daban. Ya ce, "Auta, duka juyawa suke yi." Ya tashi ya tafi kwashe ƙwan kajin.

Duk daminar nan a ƙarƙashin rumfar da ya mayar da motar ya yi ta. Da rana yana bakin kogi, in ya dawo da la'asar sai ya cire riga ya shiga. Ya ciro injin da sarƙa, shi da abokansa. Ya cire salansa, ya cire tankin mai, ya cire lagireto. Kowane noti ya kwance sai ya wanke shi da kananzir ya jera a tsohuwar tabarma bi da bi, kuma ya hana kowa sharar wajen. Injin wutar da ya samo na wata na'urar ɗaga kaya ne daga wani kamfani da ya mutu a Kano, baƙi ƙirin, mai nauyin tsiya. Aikin da ya fi cin ransa shi ne farantin ƙarfen da zai haɗa shi da akwatin giya. Sai da ya fara yankawa a kwali, ya gwada, ya sake yankawa, kafin ya kai wa masu yankan ƙarfe. Da aka kawo bai zauna daidai ba, saura ɗan ƙiris. Da ni ce guduma zan sa. Shi ya ɗaure shi a bayan babur ya mayar.

Batiran da za su ba injin wuta ya fara zuba su duka a but, sai bayanta ya zauna kamar mai tsugune, ya kwashe rabi ya dawo da su gaba. Birki ya yi tauri don babu injin da yake taimaka masa, ya nemo wani ɗan famfo ya liƙa. Ban taɓa jin ya zagi ƙarfe ba. Ni da nake kallo kawai, na zage shi a madadinsa ba sau ɗaya ba.

Wata rana na ji yana gaya wa abokinsa wai injin wuta ba ya buƙatar kuloci, a giya ɗaya ma zai yi ta tafiya. Na ce to me ya sa ka ɓata mako kana mayar da shi?

"Ƙafar Baba ta saba," ya ce.

Shi kuwa Baba bai taɓa leƙawa ba. Yana zaure, bayansa ga rumfar. Amma na lura duk sanda aka yar da sifana sai kunnensa ya motsa.

Ana yankan gero aka gama. Yaya ya kwana biyu yana zagaya unguwa da ita, sannan ya yi mata caji da farantan solar da ya ɗora a kan rumfa, ya mayar da ita kan gangararta, ya sa dutsen. Da safe ya miƙa wa Baba makulli. Baba ya juya shi a hannu har na ƙosa, sannan ya tashi. Ban san wa ya gaya wa Malam mai ɗinki da Kawu mai awo ba, sai ga su. Aka yi gaisuwar nan mai tsawo. Baba ya janye dutse, ya shiga, ya murɗa makulli. Wata 'yar koriyar fitila ta kama, shi ke nan, ko ƙara babu. Ya sa giya ta biyu, ya ce bismillah. Tsofaffin suka naɗe hannun riga suka dafa.

Na buɗe baki zan ce Baba ai ta tashi, taka kawai. Yaya ya kalle ni, kallon da bai taɓa yi mini ba, na haɗiye maganar. Shi da ya san kowace waya a cikinta, ya zagaya baya ya sa hannu tsakanin tsofaffin, suka tura tare. Ta gangara, Baba ya saki kuloci ya taka totur kamar kullum, ta zare shiru. Ya tsaya a ƙasa suka biyo shi suka shige. Kawu mai awo yana cewa, "Yau ko tari ba ta yi ba, Alhaji, ta sha magani." Ranar har Indabo suka raka shi.

Da 'yan gwangwan suka dawo, tsohon injin kawai aka nuna musu, shi ma Baba ya ce a bar shi tukuna.

Har yau tura ta ake yi. Na daure mako guda, ban iya ƙarawa ba. Na same shi yana goge gilashi na ce, "Baba, ka san fa ba ta buƙatar turi."

"Na sani, Uwata. Tun ranar farko na ji ta a ƙafata."

"To don me ake wahalar da tsofaffi?"

Ya ci gaba da gugarsa. "Malam mai ɗinki, gwiwa ta hana shi tafiya kasuwa a ƙafa. Kin taɓa jin ya roƙi wani ya rage masa hanya? In ya tura, ya hau da ƙarfinsa."

Da yamma na je na gaya wa Yaya, ina zaton labari na kai masa. Yana tsugune yana duba ruwan birki. Ya ce in miƙo masa tsumman da ke kan bonet.