Ragon suna ya kashe mini mota

Muna gangarowa unguwar Mokola da ragon suna a kujerar baya, sai tsohuwar motata ta mutu. Na murɗa makulli, shiru.

Ɗana Sani, wanda aka yi wa haihuwar, ya ce, "Baba, ka fa yi alkawari. In ta sake tsayawa, sayar da ita za mu yi."

Motar nan ita ta ɗauko shi daga asibiti yana jariri. Yarbawan unguwa Ijapa suke ce mata, wato kunkuru.

Fetur akwai. Na danna ham, bai yi ƙara ba, fitila ma ba ta kama ba. Ashe wuta ce babu, kuma batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake.

Muka sauke rago, na ɗaga kujera. Tsalle-tsallen ragon tun daga kasuwar Akinyele ya zare kan batir. Na mayar, na ɗaure, bugu ɗaya ta tashi.

Na ce, "Sani, mai laifin gobe za a yanka shi. Mota kuwa tana nan."

Alhamdulillahi, jikata ta ci suna Hauwa'u. Ku faɗa mini, a sayar da tsohuwa kan laifin rago?